Takardar da ke cikin wayarka ba mabuɗin ɗaki ba ce

Aikina tarbar baƙi ne a wani otal a Birnin Kebbi, ni kake fara tararwa a kanta idan ka shigo da jakarka. Don haka abin da zan faɗa kan shafukan intanet masu sayar da ɗakin otal da rangwame, daga bayan kantar nan nake faɗarsa, inda nake ganin fuskar mutum lokacin da aka ce masa babu sunansa a rajista.

Yawancin mutane sun ɗauka idan sun biya a irin waɗannan shafuka, otal suka biya. Dillali suka biya. Manyan cikinsu, irin su Booking.com da Expedia, suna ƙulla yarjejeniya da otal kai tsaye, su ɗauki la'adarsu, wadda kan kai kashi 15 cikin ɗari ko fiye, kuma sunan baƙo kan iso wa otal ɗin nan take. Damuwata ta fi yawa a kan ƙananan nan da ba ka taɓa jin sunansu ba, waɗanda kan fito da farashin da ya fi na kowa sauƙi. Da yawansu ba su taɓa magana da otal ɗin ba. Daga 'yan sari suke sayen ɗakin, ɗan sarin ma wataƙila daga wani ya saya. Kuɗinka sai ya ratsa hannu biyu ko uku, wani lokaci ba a turo sunanka sai ana jibi za ka zo. In ɗaya daga cikinsu ya yi sakaci, ko ya ƙi biyan na gabansa, shi ke nan, kai ne za ka tsaya a gabana da waya a hannu.

Dillanci sana'a ce mai mutunci, ba na kushe ta. Amma dillalin kasuwar Jega ka san rumfarsa, ka san unguwarsu, in ciniki ya lalace akwai sarkin kasuwa da za ka kai wa ƙara. Wannan kuwa ko ƙasar da yake ba ka sani ba.

Lokacin bikin kamun kifi na Argungu abin ya fi ƙamari. Biki ne da ake yi tun 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin al'adun duniya da ake adanawa a 2016, masaukan Argungu ba sa ɗaukar jama'ar da ke zuwa, sai su kwararo Birnin Kebbi. A irin wannan mako wani dattijo ya iso daga Gusau da uwargidansa da ɗansu, bayan sallar isha'i, ƙura duk ta rufe musu gira. Saurayin ya miƙo mini waya. Ga hoton ƙofarmu, ga sunan mahaifinsa, ga lamba mai tsawo, ga shaidar an cire kuɗi. Farashin bai kai rabin abin da muke karɓa ba ko a ranar da babu kowa a gari. Shafin kuwa ba mu da wata hulɗa da shi, hotunanmu kawai aka kwasa.

Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, wannan kuɗin bai iso gare mu ba, kuma ɗakunanmu sun cika tun makon jiya."

Bai ɗaga murya ba. Ya waiga ya dubi Hajiya da ke zaune a kan akwati tana matsa ƙafarta da ta kumbura, sannan ya ce, "Ɗana, to yanzu ina za mu kai ta?"

Saurayin ya kira lambar da ke kan takardar, murya ce kawai da aka naɗa da Turanci tana ta maimaita kanta. Komawa kan hanya da dare ba magana ba ce, kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki. Sai da manajanmu ya buga waya nan da can kafin aka samo musu ɗaki a wani ƙaramin masauki, suka sake biya daga aljihu.

Kada a ce sai na bogi kaɗai ke jefa mutum a wannan hali. A watan Satumbar 2019 wani shafin rangwame mai suna Amoma, da ke da mazauni a Suwizalan, ya durƙushe, mutanen da suka riga suka biya suka wayi gari babu ɗaki. A shekarar ne kuma hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta sa manyan shafukan suka yi alkawarin daina matsa wa masu saye da irin rubutun nan na "saura ɗaki ɗaya" ta hanyar da ke ruɗarwa. A 2022 kotu a Ostareliya ta ci Trivago, shafin kwatanta farashin otal, tarar dalar ƙasar miliyan 44.7 saboda yana nuna wa mutane kamar farashi mafi araha yake sa musu a gaba, alhali wanda ya fi biyansa yake fifitawa. Can suna da hukumomin da hannunsu ke kaiwa ga kamfanonin. Mu muna da FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasa, amma mutumin Yauri da kamfanin wata nahiya ya riƙe wa kuɗi, wahalar bin sawu kaɗai ta isa ta sa ya haƙura.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne sauya rana. Yawancin rangwamen nan sharaɗinsa ba a mayar da kuɗi, an rubuta shi da ƙananan baƙaƙe a ƙasa. Mutum zai kira ya ce an yi masa rasuwa, a ɗaga masa zuwa mako mai zuwa. In a wurinmu ya kama ɗakin, manaja zai yi masa ta'aziyya ya ce ya zo duk ranar da ya samu. In ta shafi ya biyo, ko harafi ɗaya ba ni da ikon taɓawa, domin cinikin ba da mu aka ƙulla ba. Dole in ce masa ya koma wurinsu, ni kaina ina jin nauyin maganar a bakina.

Masu zuwa Umra su ƙara kula, musamman a goman ƙarshe na Ramadan da ɗaki ke tsada a Makka. Za a rubuta "kusa da Harami", ka je ka tarar unguwar Aziziyya ce, sai da mota, ga tsohuwa mai ciwon gwiwa tana son sallah biyar a masallaci. In biza ta yi jinkiri kuma, kuɗin ɗakin ya tafi. Buɗe taswira ka auna nisan da idonka kafin ka biya. In ta hannun kamfanin jigila za ka bi, ka tabbata yana da lasisin NAHCON, hukumar alhazai ta ƙasa. Akwai kuma saƙon da kan shigo bayan ka kama ɗaki, wai ka sake shigar da lambobin katinka ko a soke maka. 'Yan damfara ne ke kutsawa cikin asusun otal su turo shi, kada ka taɓa.

Ban ce kada ka duba shafukan ba, ni ma a can nake ganin farashin maƙwabtanmu. Duba, sannan ka nemo lambar otal ɗin ta wata hanya dabam ka kira. Faɗi farashin da ka gani, sau da yawa za mu sayar maka a haka ko kusa da haka, tunda babu la'adar da za mu fitar. In kuwa ka riga ka biya ta shafi, kira ka ce a duba rajista a karanto maka sunanka da ranar zuwanka da yawan kwanakin, a ba ka lambar da otal ɗin da kansa ya ba ɗakin, ka rubuta sunan wanda ya amsa maka. Ka tambaya ko an haɗa da haraji da karin kumallo, da ƙarfe nawa ake tada janareta. Ana gobe za ka taso ka sake kira, in kuma za ka yi dare a hanya ka faɗa, don kada a ɗauka ka fasa a ba wani ɗakin.