Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Alƙalamin da Kawu Ya Ƙi Sa wa Albarka

A makon jiya na tsaya a daidai inda na koma Wusasa da aikin koyarwa, kuma da yawa daga cikinku sun tambayi yadda aka yi malamar firamare, matar aure mai 'ya'ya, ta shiga rubutun ƙagaggun labarai. Amsar ba za ta cika ba sai na yi maganar Kawu, domin kusan duk abin da na rubuta a rayuwata, ko dai martani ne ga maganarsa, ko neman yardarsa.

Kawu yayan Inna ne, dattijon ikilisiya, mutumin da ba a taɓa jin ya ci bashi ya hana ba, kuma ba zan rage masa wannan ba. Ranar da labari ya kai masa cewa ina cika littattafan rubutu na 'yan makaranta da labarin mutanen da ba a taɓa haifa ba, sai ya aika aka kira ni zaure, ya ce: "Ke 'yar nan, alƙalamin da ya saba da ƙarya ba ya komawa ga gaskiya." Na durƙusa na ce, "Na ji, Kawu," na tashi. A gidanmu ba a mayar wa babba magana, amma na fita da abin a ƙirjina, kuma har yau da furfura a kaina bai sauka ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, mu mutanen Wusasa da karatu aka san mu. Tun da mishan ta CMS, wato ta ikilisiyar Angilika, ta tashi daga cikin birnin Zariya ta koma Wusasa a 1929, aka gina majami'ar Saint Bartholomew da ƙasa irin ginin magabatanmu, makaranta da asibiti su ne abin tinƙahonmu. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, wanda Likita Mila, Baturen mishan ɗin, ya yi ɗawainiyarsa tare da malamai Hausawa, shi kakarmu take karanta mana da daddare, kuma daga bakinta na fara jin daɗin Hausa a rubuce. Bayan haka, a gasar ƙagaggun labarai ta 1933 wadda Rupert East, wani Bature jami'in ilimi, ya shirya a nan Zariya, akwai ɗan garinmu, John Tafida, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da shi East ɗin. Ke nan tun ranar da aka aza harsashin ƙagaggen labarin Hausa na boko akwai hannun Kirista ɗan Wusasa a ciki. Kawu ya san wannan sarai, har yakan ambace shi idan baƙi suka zo, amma da abin ya zo kan 'yar ƙanwarsa sai ya zama ƙarya.

Na daɗe ina tsara amsar da zan ba shi, kuma amsar tana cikin littafin da yake riƙe da shi kowace Lahadi. Sa'ad da annabi Natan ya je wurin sarki Dawuda, bai fara da tuhuma ba, sai ya ba shi labarin attajiri da matalauci mai 'yar tunkiya guda, har Dawuda ya yanke wa kansa hukunci da bakinsa. Ubangijinmu Yesu ma da misalai ya koyar, irin na ɗan da ya ɓace ya komo da na Basamariye mai tausayi, kuma babu mai bi da ya taɓa tambayar sunan unguwarsu kafin ya gaskata abin da suke koyarwa. Ban taɓa faɗa masa wannan ba. Ko a jinyarsa ta ƙarshe, ina zaune a gefen gadonsa ina rera masa waƙoƙin sujada, maganar ta zo mini har maƙogwaro, na haɗiye ta, domin ba a kai wa mara lafiya ƙara.

Ga yadda aikin yake gudana a wancan lokaci. Nakan tashi da kiran sallar asuba na maƙwabtanmu, in yi addu'ar safe, in karanta Zabura guda, sannan in kunna fitilar ƙwai in yi rubutu kafin yara su farka a shiga ɗora koko da neman takalmin makaranta. Maigidana, Allah ya jiƙansa, bai taɓa karanta shafi ɗaya ba, amma bai taɓa bari kananzir ya yanke a gidan ba, ni kuwa na ɗauki wannan a matsayin goyon baya. Labaran kuma daga Zumuntar Mata, ƙungiyar matan ikilisiyarmu, nake samo su: gwauruwar da dangin miji suka kwashe mata kaya tun kafin a share makoki, yarinyar da ta tafi jami'a a Samaru ta dawo tana jin kunyar yin addu'a da Hausa, gidan da wa Musulmi ne ƙane Kirista, suna aika wa juna abincin Sallah da na Kirsimeti, sai rabon gado ya shiga tsakani. Nakan sauya suna da unguwa, in haɗa mata uku su zama mace ɗaya, domin sirrin da aka faɗa a wurin addu'a amana ne. Dokar da na kafa wa kaina ita ce, ba zan sa wani ya tuba a shafin ƙarshe don kawai in faranta wa masu karatu rai ba. Na ga mutanen da aka yi wa addu'a shekara da shekaru ba su sake ba, idan na ɓoye wannan, to, a nan ne maganar Kawu za ta tabbata a kaina.

Shekarun da suka biyo baya babu abin faɗa a cikinsu sai haihuwa da canjin makaranta. Abin da na riƙe shi ne lokacin da littattafan soyayya na Kano suka cika kasuwa, na ɗauki rubutuna na kai wa wani mai shagon littattafai a Sabon Gari. Ya duba sunayen da ke ciki, ya ga Saratu da Bulus da Ishaya, sai ya ce, "Malama, masu karanta Hausa ba za su saya ba, naku kuma Turanci suke karantawa." Ya yi maganar ne cikin ladabi, amma ta yi mini zafi, don a cikin jimla ɗaya ya cire ni daga Hausawa, ya cire Hausa daga ikilisiya. Mu da aka yi mana baftisma da Hausa, aka ɗaura mana aure da Hausa, muke binne iyayenmu da Hausa. A hanyar komawa gida maganar Kawu ce take ta yi mini amo, na ga a gida an ce ƙarya nake rubutawa, a kasuwa an ce babu mai saye.

Matan zumunta ne suka fitar da ni. Suka yi mini adashi na musamman, aka kai rubutun wurin mai buga tafireta, kuma a babban taron mata na shekara aka sayar da kwafin farko daga hannu zuwa hannu. Yau jikata ce take ɗora mini waɗannan kashi-kashi a Facebook da WhatsApp, har masu karatu Musulmi daga Funtuwa da Katsina suna aiko da tambaya a kan makomar Saratu. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba da labarin yadda aka buga littafin farko, da wanda ya kai kwafinsa zauren Kawu ba da sanina ba.