Ƙofofin da Muka Ƙwanƙwasa a Bowie

A watan Afrilun 2018 ne dattawan ikkilisiyarmu suka ɗora mini jagorancin kwamitin bishara, ni kuwa na karɓa da ƙwarin gwiwar mutumin da ya saba fita wa'azi ƙauyuka tun yana saurayi a ƙasar Zazzau. Ikkilisiyar ƙarama ce, tana cikin gundumar Prince George's ta jihar Maryland, daf da birnin Washington, kuma kusan dukanmu 'yan Najeriya ne daga Filato, Kaduna, Gombe da Adamawa, waɗanda Hausa ta haɗa a sujada ko da yake kowa da harshen gidansu. Abin da ya dami dattawan shi ne mun yi shekaru muna taruwa a wurin, amma babu Ba'amurke ko ɗaya a kan kujerunmu, alhali maƙwabtan gidajenmu na hagu da dama Baƙaƙen Amurka ne.

Ya kamata in bayyana irin waɗannan maƙwabta, domin kuskurenmu na farko daga nan ya faro. Gundumar tana da mutane fiye da 960,000 a ƙidayar 2020, mafi yawansu baƙaƙen fata, kuma ta daɗe da yin suna a matsayin ɗaya daga cikin wurare mafi wadata da Baƙaƙe suka fi yawa a duk Amurka. A garuruwa irin su Bowie, Mitchellville da Upper Marlboro, mutumin da ke yanke ciyawar ƙofar gidansa ranar Asabar yana iya zama lauyan gwamnatin tarayya, ko injiniya a cibiyar NASA da ke Greenbelt, ko sojan sama da ya yi ritaya daga sansanin Andrews. Masu rufin asiri ne, masu ilimi, kuma rufin asirin nan da gumi aka same shi: a farkon shekarun 1960 kamfanin Levitt ya gina babbar unguwa a Bowie ya ƙi sayar wa baƙar fata gida, har aka yi zanga-zanga a 1963, kuma sai a 1968 dokar tarayya ta haramta irin wannan wariya wajen sayar da gidaje. Mu da muka zo daga baya muka sayi gidaje ba tare da kowa ya ɗaga mana gira ba, yawancinmu ba mu san wannan tarihi ba, ni ma a cikinsu.

Na tsara aikin yadda na san shi a gida. Muka buga 'yan takardun bishara, na raba 'yan'uwa biyu-biyu kamar yadda Ubangiji ya aiki almajiransa a Luka sura 10, muka yi addu'a, muka bazu cikin unguwanni da safiyar Asabar. Mun yi Asabar shida a jere. Yawancin gidajen ba a buɗe mana ba, sai dai murya ta fito daga ƙararrawar ƙofa mai kyamara ta ce an gode. Wasu sun ɗauke mu Shaidun Jehobah, wasu sun zaci masu tallar gyaran rufin gida ne, har wata unguwa ƙungiyar masu gidajenta ta aiko mana da takarda mai ladabi tana tuna mana cewa ba a yarda da bin gida-gida ba.

A Asabar ta huɗu wata dattijuwa ta buɗe ƙofa, tsohuwar shugabar makarantar firamare, ta karɓi takardarmu ta sa tabarau ta karanta ta daga farko har ƙarshe muna tsaye. Takardar tana magana a kan kuɓuta daga shaye-shaye, talauci da rushewar iyali. Da ta gama sai ta tambaye ni a hankali ko wa na yi tsammanin zan tarar a gidan da na rubuta wannan. Ban sami amsa ba. Ta ce ita 'yar ikkilisiyar AME ce, wato ikkilisiyar Methodist ta Baƙaƙen Amurka, wadda Richard Allen, mutumin da aka haifa cikin bauta, ya kafa a Philadelphia a 1816 bayan da aka wulaƙanta baƙaƙe a majami'ar farare, kuma danginta suna cikinta tun kakannin kakanninta. Sannan ta ce, “Ɗana, ku kuma yaushe bishara ta iso gidanku?” Na gaya mata gaskiya, cewa mahaifina ne mai bi na farko a zuriyarmu, kuma cikakken Littafi Mai Tsarki bai fito da Hausa ba sai 1932. Ta yi murmushi, ta ba mu ruwan sanyi, ta yi mana addu'a a bakin ƙofarta, addu'ar da ta fi tawa nauyi nesa ba kusa ba.

A mota muna komawa babu wanda ya yi magana. Takardar nan ni na rubuta ta, kuma ta tona abin da ke zukatanmu. Akwai kalmar “akata” da 'yan Najeriya da yawa suke kiran Baƙaƙen Amurka da ita cikin raini, na sha jin ta a bakin 'yan'uwa bayan an tashi sujada, ban taɓa tsawata wa kowa ba. Iyaye a cikinmu suna gargaɗin 'ya'yansu kada su yi abota da yaran maƙwabta, sa'an nan mu ne muka fito da takardu za mu cece su. A taron kwamiti na gaba na ce ba za mu sake ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba sai mun tuba daga wannan, kuma ba kowa ne ya ji daɗin maganar ba.

Wadda ta nuna mana hanya ita ce shugabar Zumuntar Mata, tsohuwa ce da ba ta cika magana a taro ba. Ta ce, “Dattijo, a gida ka taɓa shiga gidan mutum da wa'azi alhali ba ka je masa barka ba, ba ka je masa ta'aziyya ba? Zumunta a ƙafa take.” Daga ranar muka canza tsari gaba ɗaya. Kowane iyali zai ɗauki gidaje biyar mafi kusa da nasa, ya san sunayen mutanen ciki, ya riƙa yi musu addu'a da suna, ya halarci taron unguwa, ya je bikin kammala karatun ɗansu ko jana'izar mahaifiyarsu idan an gayyace shi. Ba a yarda kowa ya ba da takarda ba. Maganar bangaskiya kuwa, mun tsaya a kan 1 Bitrus 3:15, wato a zauna a shirye domin amsa wa wanda ya tambaya, cikin tawali'u da ladabi. Wannan ya fi wa 'yan'uwa wuya fiye da fita ta Asabar, domin a fitar Asabar kana iya gamawa da ƙarfe goma sha biyu ka koma gida ka ce ka yi aikin Ubangiji, amma maƙwabci yana ganin yadda kake magana da matarka a bakin gareji kowace rana.

Da muka fara sauraro, sai muka gane cewa waɗanda ba sa zuwa majami'a a cikinsu ba mutanen da ba su taɓa jin bishara ba ne. A cikinta aka rene su, suka fita, kuma kowa da dalilinsa: wani ya gaji da wa'azin kuɗi, wata an ɓata mata rai lokacin da aurenta ya mutu, matasa kuwa suna ganin ikkilisiya ba ta amsa tambayoyinsu. Binciken da cibiyar Pew ta fitar a 2021 ya zo daidai da abin da muka gani, domin ya nuna kusan ɗaya cikin biyar na Baƙaƙen Amurka ba sa danganta kansu da wani addini, amma kusan dukansu sun gaskata akwai Allah ko wani iko na sama.

Maƙwabcina na tsallaken titi, akanta ne a wata ma'aikatar tarayya, yana cikin waɗanda suka fita. Wata rana muna hira a kan shinge ya ce mini Kiristanci addinin masu bayi ne, kuma idan ina shakka in je gidan tarihin Littafi Mai Tsarki da ke Washington in ga abin da aka baje. Na je a watan Disamba. Littafi ne da aka buga a Landan a 1807 domin bayin da ke tsibiran Karebiyan na Ingila, an zaɓi surori 232 kawai daga cikin 1,189. An cire labarin fitowar Isra'ilawa daga bautar Masar, an cire Galatiyawa 3:28 inda aka ce babu bawa ko ɗa, amma an bar Afisawa 6:5 da ke cewa bayi su yi biyayya ga iyayengijinsu. Na daɗe a tsaye gaban gilashin. Da na dawo ban yi masa gardama ba. Na ce abin da aka yi mugunta ne, amma ya lura cewa sai da suka yanke littafin kafin ya yi musu aiki, domin sun san abin da cikakkensa zai faɗa wa bawa. Na kuma tuna masa mutumin Habasha da aka yi wa baftisma a Ayyukan Manzanni sura 8, da sarki Ezana na Aksum ta ƙasar Habasha da ya karɓi bangaskiya a ƙarni na 4, tun kafin Ingila ta zama ƙasa ɗaya. Ya saurara, sa'an nan ya jefo tambayar da ta fi zafi, ya ce ai mutanenmu ne suka sayar da kakanninsa. Ban musa ba, domin a ƙasarmu ma an yi farautar bayi da cinikinsu, kuma sai a 1936 doka ta kawar da bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya. Ina ganin wannan amsar ce ta sa ya ci gaba da yi mini magana, ba hujjojin tarihin da na jero ba.

Ana cikin haka aka rufe wasu ma'aikatun gwamnatin tarayya saboda taƙaddamar kasafin kuɗi, daga 22 ga Disamba 2018 zuwa 25 ga Janairu 2019, kwana 35, ma'aikata kusan 800,000 ba albashi. A layinmu kusan kowane gida na uku abin ya shafe shi, ga bashin gida ba ya jira. Nan ma muka yi tuntuɓe. Kwamiti ya haɗa buhunan kayan abinci da sunan ikkilisiya a jiki, aka kai wa wasu gidaje, wani magidanci ya mayar da nasa ya ce a kai wa mabukata. Matata ce ta gyara, ta dafa shinkafa dafa-duka da yawa ta aika a kwanonta na gida, kamar yadda ake yi wa maƙwabta a Zariya, kwanon kuwa ya dawo da wainar dankalin Hausa mai zaƙi irin tasu. Da dusar ƙanƙara ta sauka a tsakiyar Janairu, na ɗauki shebur na haye wurin akantan muka share hanyar motarsa tare, kuma a nan, yana jingine da shebur, ya ce rabonsa da barcin kirki mako biyu ke nan, ya tambaye ni ko zan yi masa addu'a. Na yi ta gajeriya, da Turanci, ba tare da ɗaga murya ba.

Game da kujerunmu na Lahadi kuwa, ba su cika da Amurkawa ba. Kaɗan da suka zo sun tarar da sujadar awa uku, rabinta da Hausa, sun ji daɗin waƙoƙin mata da kiɗan tulu, amma ba su dawo ba sai a bikin Kirsimati. Mutum uku da na sani sun koma ga bangaskiya ta hanyar 'yan'uwanmu, kuma dukansu majami'un iyayensu suka koma. Wani dattijo ya yi ƙorafi a taron shekara cewa mun yi noma wasu sun girbe, na ce masa gonar ba tamu ba ce, mun kuma rabu a ranar kowa yana kan ra'ayinsa.

Akantan bai koma kowace majami'a ba har yau. Sai dai tun daga bazarar 2019 muke zama a ɗakin ƙasa na gidansa kowace Alhamis da yamma, mu biyar ko shida, muna karanta Littafi Mai Tsarki, kuma ko lokacin annobar korona ta waya muka ci gaba. Sharaɗinsa ɗaya ne, ba za a tsallake aya ko ɗaya ba. A makon jiya muka kai wasiƙar Bulus zuwa ga Filimon, wadda ya rubuta game da wani bawa da ya mayar wa ubangijinsa. Akantan ya rufe littafin ya ce shi bai gamsu da Bulus ba, me ya sa bai fito fili ya ce a 'yanta bawan ba. Muka yi ta muhawara har ƙarfe goma, matarsa ta leƙo ta ce gobe akwai aiki, ya ce in zo da amsa mai kyau ranar Alhamis.