Talata: ɗanyen man da ya ƙi motsi

Yau da asuba sanyi ya yi yawa har manjan Inna ya daskare a gora. Na tarar ta jingina shi kusa da murhu tana mita. Da na san abin da ke jirana a ɗakin gwaji ke nan, da na tsaya na ɗauki darasi.

Aikin bincikena a kan ɗanyen mai ne mai yawan kaki. Muddin yana da zafi, sumul yake gudu. Da ya huce sai kakin ya fara fitowa siri-siri kamar allurai, su sarƙe da juna, man ya zama kamar kunun da ya kwana. Gwajin ba wuya, sai cin rai: a ɗumama man, a zuba a kwalba da ma'aunin zafi, a bar shi yana hucewa, duk saukar digiri 3 a karkata kwalbar a duba. Idan aka kwantar da ita daƙiƙa 5 bai motsa ba, sai a ƙara 3 a kan abin da ma'auni ya nuna a rubuta, wato mafi ƙarancin zafin da man zai iya gudu a kansa ke nan. Nawa ya ba da 27.

Na ɗiga masa sinadarin EVA, maganin da ake sa wa irin wannan mai don kada ya yi saurin sandarewa, ɗan ƙanƙani, abin da bai cika bakin cokali ba, na girgiza, na sake gwadawa ba tare da na mayar da shi kan wuta ba. 27 dai, ko gezau. Har na fara zargin maganin ya lalace.

Dattijon da ke kula da ɗakin ya leƙo ya taɓa kwalbar. "Yaro, a sanyi ka zuba?" Na ce, "E, Baba, ai na ga kuna sauri a rufe." Ya yi dariya ya ce maganin nan ba ya narkar da kakin da ya riga ya kama. Aikinsa ya shiga jikin ƙwayoyin kakin tun suna tsirowa, ya hana su miƙewa su riƙe juna. Kakin yana nan, amma ya zama gutsi-gutsi, man ya samu hanya. Sai an dafa man har kakin ya narke duka, sannan a zuba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji shi.

Na sake daga farko. Wannan karon sai ya ba da 12, na yi ta kallon kwalbar kamar sabon ango.

Da muna wanke kaya Baba ya kawo zancen Sudan. Man da ƙasar Sudan ta Kudu ke turawa tashar jiragen ruwa ta Port Sudan ta bututu sai ana ɗumama shi a tashoshi a kan hanya. A 2024 yaƙi ya hana dizal isa wasu tashoshin, man ya sandare a ciki, fitar da shi ya tsaya watanni. Yuganda ma manta mai kaki ne, saboda haka ne bututunta zuwa Tanga a Tanzaniya, kilomita 1,443, aka tsara shi da wayar lantarki mai ɗumama shi. Ni kwalba ɗaya ta cinye mini wuni guda.

Na dawo gida bayan magariba, rigata na warin mai, Inna ta ce kada in kusanci tukunyarta. Gobe zan rage maganin zuwa rabi in ga ko 12 ɗin za ta tsaya, in dai an kawo wuta injin sanyaya ya yi aiki.