Na koma Balad bayan shekara goma sha biyar

Na fara shiga Balad, tsohon garin Jidda, a 2009, ina biye da innata da ke sarin abaya da turare tana kaiwa Kano. Abin da na riƙe daga wannan zuwan shi ne warin danshi, da benaye masu hawa huɗu da biyar da suka karkace har an tokare wasu da katako. Masu su sun daɗe da tashi. Tun da aka rushe ganuwar garin a 1947, kuɗin mai kuma ya shigo, manyan gidaje suka yi arewa suka kafa sabbin unguwanni, suka bar tsofaffin gidajen ga 'yan haya: mutanen Yaman, Somaliya, Indiya, da namu da ake kira Takari.

Da azumin 2024 na koma bayan Umra. Ana idar da tarawihi lunguna suka cika maƙil, iyalai da yaransu, ga masu balila da soyayyar hanta suna kiran ciniki da waƙa. Tagogin katakon nan masu turowa waje, rawashin, an gyara su an shafe su da kore da shuɗi. A ƙofar Baitu Nasif, gidan da Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925, na tsaya gindin darbejiya na daɗe ina kallo. Can cikin wani lungu na ɗora tafina a bango. Dutsen murjani ne daga Bahar Maliya, da ƴan ramuka kamar soso, an jera shi ana ratsa katako a tsakani don ya riƙe nauyin ginin. Wallahi aikin ya yi kyau, kuma na yi murna da ba a bari ya zube ba. UNESCO ta sa Balad cikin kayan tarihin duniya a 2014, a 2021 kuma Yarima Muhammad bin Salman ya ƙaddamar da shirin farfaɗo da shi.

Sai na ɗaga kai. A lungun da na bi, ƙasa shagunan gahawa ne da na tsaraba, sama kuwa shiru. Ba shanya, ba kukan jariri, ba ƙamshin girkin sahur. Da can, duk lalacewar wurin, nan mutane suke kwana suke tashi, su ne ke cika sahu a Masallacin Shafi'i da asuba. An mayar da wasu gidajen otal, na sani, amma baƙon kwana uku ba ya zuwa sunan maƙwabci ko jana'izarsa, kuma ina ganin gyaran bai kammala ba sai an ware ɗakunan da mai ƙaramin ƙarfi zai iya kamawa.

Washegari na nemi wata dattijuwa Bakatsiniya da ke mana tuwo a Sabil, unguwar da ke kusa da Balad. Ashe unguwar tana cikin waɗanda aka rushe a wajajen 2022. Wani ɗan uwanmu mai ɗaure kaya na tambaya, ya girgiza kai.

"Hajiya, ai kowa ya kama gabansa. Wasu sun yi Makka, wasu an mai da su gida."

Na karɓi lambarsa, ya ce zai ci gaba da cigiya.