Tocilar aikin dare ba a sayenta da ido

Duk ɗan sandan da ya shigo shagona, tambayarsa ta farko ɗaya ce: "Alhaji, wacce ta fi haske?" Sai in ce, "Yallaɓai, zauna tukuna." Na daɗe ina sayar da tocila ina gyarawa a Kasuwar Sabon Gari ta Kano, kuma da wuya a dawo min da ita don ƙarancin haske. Makunni ne ke mutuwa, ko batir, ko ruwan damina ya shige ta.

A wajen maigidana, Allah ya jiƙansa, na koyi aikin nan, zamanin manyan batura da ƙwai mai zare. Yana da wata Maglite ƴar Amurka, irin wadda aka fara fitarwa a 1979, nauyi kamar taɓarya. Idan sabon kaya ya zo, sai ya kunna ɗaya ya sake ta a kan siminti. In ta ɗauke ko sau ɗaya, duk katan ɗin ya koma. Har yau haka nake yi, yarana na ta ɗaure fuska.

Mai tsayuwa a shingen bincike ko ɗan sintiri, tocila mai kaurin jiki ta ƙarfen gorar ruwa (alminiyon) nake ba shi, da makunni a gindi, yadda babban yatsa zai same shi cikin duhu. Ina kwance ta a gabansa ya ga zoben robar da ke hana ruwa da ƙurar hunturu shiga. Alamar IPX7 na nufin za ta jure rabin awa a cikin ruwa mai zurfin mita 1. Bokiti na nan bayan kanta, mai shakka ya tsoma.

Inda ake cutar mutane shi ne batir. Lambar 18650 da ke jikin batirin caji awo ce: faɗi milimita 18, tsawo 65. Na gaske ba ya wuce wajen 3,500 mAh (ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka), amma ƴan jabu sai su buga 9,900 a jiki, ko kunya babu. Shi ya sa na ajiye ƙaramin sikeli. Mai kyau yana kai giram 45, na jabu kuwa shakwaf. Wani dila ya taɓa turo min katan guda, na fasa ɗaya na tarar da ɗan mitsitsin batir an cike gefensa da yashi. Har yau bai ɗaga wayata ba.

Duk da haka sai mutum ya taya rabin kuɗi, wai ya ga irinta a baro a bakin titi. In ce masa albarka. Bayan sati biyu ya dawo da ta baron a hannu, makunni ya nutse, yana cewa, "Alhaji, a taimaka a duba min."