Na Je Zariya Neman Ungulu

Ɗan yayata ne ya ja ni. Yana karatu a Samaru, kuma tun bara duk zuwan da zai yi gida Kano hirarsa ba ta wuce tsuntsaye. Ya shiga cikin wasu samari da 'yan mata da ke fita ran Asabar da asuba suna ƙirga tsuntsu suna rubutawa. Uwarsa na ganin ɓata lokaci ne. Ni ma ban ɗauki abin da muhimmanci ba, sai wani dare muna cin tuwo ya ce, "Kawu, yaushe rabonka da ganin ungulu?" Na buɗe baki zan ce jiya-jiyan nan, sai na yi shiru. Na lissafa baya, shekara biyar, shekara goma, na kasa tuna ranar. Mu da muka tashi muna ganinsu jere a kan katangar mayanka kamar masu zaman makoki, sun ɓace mana ba mu ko lura ba. Daren nan na ce masa in sun tashi fita ta gaba ya kira ni.

Ran wata Juma'a cikin Janairu, bayan an sauko daga masallaci, na hau mota a tashar Unguwa Uku. Hazo ya rufe gari, rana ta koma kamar faifai. Daga Kura zuwa Kadawa belbela ce fari fat a gonakin rani, tana bin shanu da masu huɗa, ci da motsin wani. Shirwa kuwa ba a magana, kowane ƙauye da tasa tana shawagi. Tun daga nan na fara ɗaga kai ta taga, har maƙwabcina a kujera ya tambaye ni ko lafiya. Muka wuce Kwanar Dangora da Tashar Yari, muka sauka Kwangila gab da magariba. Yaron na jirana da babur, ya ɗauke ni ta Hanwa da Palladan har Samaru.

Da aka idar da sallar asuba muka nufi madatsar ruwan Kubanni da ke cikin Jami'ar Ahmadu Bello. Sanyin Zariya na hunturu sai wanda ya sha shi. Mu goma sha ɗaya ne, madubin hangen nesa huɗu kacal, ana karɓa-karɓa. Akwai ɗalibai, akwai wani malamin firamare, akwai tela daga Tudun Wada wanda ya fi kowa kaifin ido. Mai jagorantarsu wata ɗaliba ce mai sanyin murya. Ta gaishe ni, ta ce, "Baba, doka ɗaya ce a nan: a rage magana, a rage sauri."

Kafin mu taka ta nuna mini yadda aikin yake a wayarta. An yanka taswirar Najeriya gida-gida kamar dara, kowane gida kusan kilomita 9 ne tsawo da faɗi. In kun shiga gida ɗaya sai ku yi aƙalla awa 2 kuna zagawa, ku leƙa bakin ruwa, ku leƙa gona, ku leƙa cikin gari, duk tsuntsun da ido ya gani ko kunne ya ji a shigar da shi cikin manhajar BirdLasser. Daga nan rahoton ya tafi ga masu haɗa taswirar tsuntsayen Najeriya, aikin da cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ta fara a ƙarshen 2015. Ƙasar nan tana da tsuntsaye sama da iri 900, amma sanin wanne ke ina, da wanne ke raguwa, sai an samu masu fita su duba. Ta ce hankaka ma a rubuta, gwara ma a rubuta, kada a raina kowa.

Da gari ya fara wayewa sai bakin ruwan ya cika da motsi. Zalɓe na tsaye cikin ruwa ƙafa ɗaya, ko gezau. Garken kirinjijiya ya taso yana fito. Zakaran ƙeƙuwa ya gan mu ya tada ƙara, ya tona mana asiri ga duk mai fiffike. Sai tela ya taɓa kafaɗata ya miƙo mini madubi, ya nuna wata 'yar tsuntsuwa mai rawayan ciki tana tafiya cikin dausayi tana kaɗa bindi. Ya ce wannan baƙuwa ce, daga Turai take zuwa. Nauyinta bai kai giram 20 ba, amma ta ƙetare teku, ta ƙetare Sahara, ta zo ta ci ƙwari a gindin shanun Fulani, in bazara ta gabato ta koma. Na daɗe ina kallonta. Na tabbata na wuce irinta sau dubu a rayuwata ban taɓa tambayar daga ina take ba.

Can sama da madatsar muka iske wani dattijo yana ban ruwa a lambunsa na albasa da latas. Ya san yaran, har yana ce musu 'yan makarantar tsuntsu. Muka gaisa, ya ajiye bokiti, hira ta ɓarke. A nan na ga abin da ya fi burge ni a tafiyar. Yaran sun san sunayen Turanci da na kimiyya, shi kuwa ya san na gida. Suka nuna masa mai dogayen jajayen ƙafafu, ya ce ladin kogi ke nan. Suka nuna mai kai kamar guduma, ya ce shaida, ya ƙara da cewa sheƙarta ta fi ta kowa girma, mutum zai iya hawa ya tsaya ba ta rushe ba. Wani ya yi kuka cikin ciyawa kamar ana tsiyaya ruwa daga gora, bai ko waiwaya ba ya ce ragon maza. Ɗalibar nan ta fito da wani littafi da ya sha hannu, tana rubuta duk sunan da ya faɗa. Ta ce mini ta tara da yawa daga bakin manoma da masunta da maharba, kuma sau da yawa sunan Zazzau daban, na Katsina daban. A ganina wannan littafi bai gaza manhajar daraja ba. 'Ya'yanmu na birni yanzu tsuntsu uku suka sani, tattabara da kaza da "tsuntsu". Wanda bai san sunan abu ba, ranar da abin ya ɓace ba zai yi cigiyarsa ba.

Dattijon bai bar mu mun tafi da daɗin baki kawai ba. Ya ce, "Ku masu son tsuntsu, in kaka ta yi ku zo ku taya ni tsaron dawa. Jan baki in ya sauka, kafin ka je gida ka dawo ya gama da kai." Gaskiya ya faɗa, kuma na ji daɗi da yaran ba su musa masa ba. Malamin firamaren ya ce, "Baba, ba mu ce kada a kori jan baki ba. Abin da muke roƙo shi ne a daina jiƙa hatsi da guba ana watsawa a bakin ruwa, don ba ya zaɓe. Agwagwar ruwa ta ci, kurciya ta ci, shirwa ta ci gawarsu, wani kuma ya tsince su ya kai kasuwa mutane su ci." Dattijo ya jinjina kai ya ce wannan kam ba aikin manomi ba ne, aikin mai son banza ne. Sannan ya yi shiru, ya ce da yana yaro gauraka na sauka a fadamun nan, ana jin kukanta tun daga nesa. Yanzu in ka ga gauraka, to a gidan wani mai hali ne, an karya mata fiffike tana zagaya tsakar gida.

Da hantsi suka kai ni wani kwazazzabo inda ruwan damina ya zaftare ƙasa ya bar gaɓa tsaye kamar bango. Jikin gaɓar duk ramuka ne ƙanana, kusa da kusa. Muka zauna nesa kaɗan. Ba a jima ba sai ga masu gidan: baya kore shar, wuya ja wur, baƙin layi ya ratsa ido kamar an zizara kwalli, ƙarƙashin bindi shuɗi. Ɗaya ya tashi daga reshe ya cafke ƙudan zuma a iska, ya dawo ya buga kan ƙudan a jikin reshen, ya juya shi ya goge ƙarshensa har dafin ya fita, sannan ya haɗiye. Duk wannan a gaban idona, cikin madubi, kamar in miƙa hannu in taɓa. Ɗan yayata ya raɗa mini cewa a kan wannan tsuntsu wani Bature ɗan Ingila, Hilary Fry, ya yi bincikensa lokacin da yake koyarwa a jami'ar nan cikin shekarun 1960. A kewayen Zariya ya lura cewa ba uwa da uba kaɗai ke ciyar da 'ya'ya ba, akwai 'yan'uwa da ke taya su kai abinci rami. Yana kuma cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masana tsuntsaye ta Najeriya a 1964, wadda mujallarta ta koma Malimbus a 1979. Ashe kallon tsuntsu a Zazzau ba baƙon abu ba ne. Bambancin shi ne da can baƙi ke rubutawa, yau kuwa 'ya'yan gari ne.

Muna nan wasu yara uku suka ɓullo da danƙo a wuya. Na zaci za a yi musu tsawa. Tela ya kira babbansu ya ce, "Zo ka ga wani abu," ya ɗora masa madubi a ido. Yaron ya yi tsalle baya, ya sake leƙawa, ya ce, "Wallahi yana da gashin ido!" Sauran suka yi ta rige-rigen karɓa. Ba wanda ya ce su yar da danƙo. An dai nuna musu ramukan, an ce akwai masu shirin ƙwai a ciki, an roƙe su kada su zura sanda. Ni ma na riƙe danƙo ina yaro, na san tsawa ba ta hana komai, sai dai yaro ya jira ka tafi.

Da yamma muka leƙa Kufena ta wajen Wusasa. Ban hau can ƙoli ba. Mun ji kazar dutse na kira daga cikin duwatsu, mun ga hasbiya da tsirya, muka juyo kafin duhu.

Lahadi ita ce ranar da na zo dominta. Muka shiga birni ta Ƙofar Doka, mu uku kawai. Duk wanda ya san Zariya ya san rimayenta, dogaye, sun girme kakanninmu. A irin waɗannan itatuwa, da kuka da giginya, ungulu ke sheƙa. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya muna ɗaga kai har wuya ya ƙage. Akwai shirwa, akwai hankaka, akwai jemage a wasu. Wasu wuraren kuma sai kututture, an sare an yi gini. Daga nan muka nufi wata mayanka, muka tarar ana tsakiyar fiɗa. Jini na gudu a kwata, ga tumbi ga ƙashi a jibge, ƙuda ya yi baƙi, karnuka na jan hanji. Sama kuwa shirwa ce kaɗai.

Wani tsohon mahauci na zaune a kan benci yana wasa wuƙa. Na gaishe shi na faɗa masa abin da ya kawo mu. Ya dube ni ya ce, "Malam, ka makara." Ya ce da can sai an sa yaro da sanda yana korarsu, in ka juya baya su sure maka nama. Kafin azahar sun share wurin tas, ba wari ba ƙuda. Na tambaye shi ina suka tafi. Ya ce ba tafiya suka yi ba, kama su aka yi. Masu saye na zuwa, kai da kuɗinsa, ƙafa da kuɗinta, ƙwai ya fi komai tsada, wai ana haɗa maganin farin jini da na sa'a da na ganin gaibu. A zuba guba ko taba a nama, su ci su faɗi, a kwashe a buhu.

Ɗan yayata ya ƙara mini da abin da tsohon bai sani ba. Ungulu ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, saboda haka in an ɗauke ƙwan nan an kashe shekara guda, in an kashe uwar an kashe shekaru. Tun 2015 hukumar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ungulun da muka sani ta gari cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa. A Indiya, inda wani maganin dabbobi mai suna diclofenac ya kusan ƙarar da ungulayensu a shekarun 1990, mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan sake suka yawaita. Gidauniyar kare muhalli ta NCF ta daɗe tana zama da masu maganin gargajiya a kan su koma ga itatuwa da saiwoyi, kuma kowace Asabar ta farko a Satumba ana ranar ungulu ta duniya. Yaran nan ma a ranar sukan zaga makarantun firamare da hotuna. Ya ce akwai ajin da suka shiga, yara sama da hamsin, ba ko ɗaya da ya taɓa ganinta da ido. Sun dai san ta a karin magana, ungulu ba kya jewar banza, ungulu da kan zabo.

Abin ya tsaya mini a rai. Tsuntsuwar da muka raina, muka yi mata kirari da ƙazanta, ita ce ke kwashe mana ƙazantar kyauta, ga shi yau wurin na wari muna tsaye a ciki.

Muka zauna tare da tsohon har rana ta take. Ɗan yayata ya rufe lissafin wannan gida na taswira, ya karanta mini sunayen da aka samu tun daga kurciya har cilakowa, babu ungulu. Ya ce rashin ma rahoto ne, haka za a tura. Da za mu tashi tsohon ya ce wani Bafillace da ke kawo masa shanu ya taɓa ce masa yakan ga biyu-uku a daji wajen kogin Galma in saniya ta mutu. Ya ce a bar masa lamba. Ba shi da takarda, sai ya tsinci gawayi, yaron na faɗa yana rubutawa a jikin bangon da ke bayan bencinsa, manya-manya yadda zai gani. Ya ce, "In na ji labarinta, ko tsakar dare ne zan sa a kira ku."

Na hau motar Kano a Kwangila bayan la'asar, na roƙi kwandasta ya bar mini kujerar bakin taga.