Ƙaramin Jirgi, Aikin Tasha

Ainihin sana'armu a shagonmu na Asawasi, nan Kumasi, ita ce ƙera samfurin gidaje da makarantu ga masu zanen gini, amma lokaci-lokaci akan kawo mana aikin shimfiɗa ƙaramin layin dogo mai tafiya da lantarki, kuma shi ne aikin da ya fi cin tunani. Kusan duk wanda ya zo, da'ira yake so, jirgi ya yi ta zagaye a kan tebur. Nakan ce masa, Alhaji, wannan kafin sati ya cika yara ma sun gaji da kallonsa, domin abin da ke riƙe mutum shi ne shantin, wato ware taragu da jera su yadda ake yi a tasha ta gaske.

Saboda haka ba na fara zane sai na san kayan da taragun za su ɗauka da inda za su sauke. Tarihin dogonmu ya wadatar da mu a nan: layin da ya taso daga Sekondi ya iso Kumasi a 1903, na Accra kuma a 1923, kuma koko da katako da ma'adinan Nsuta da Awaso duk sun bi dogo zuwa tashar ruwa ta Takoradi. Idan aka sa rumbun koko a wannan reshe, wurin lodin gungume a wancan, kowane tarago ya sami dalilin motsawa.

Yawanci muna aiki da ma'aunin HO, kashi 1 cikin 87, wanda faɗin dogonsa milimita 16.5 ne. Tsohon dogon Gana siriri ne, milimita 1,067, don haka mai son kamanni na sosai sai ya nemi na milimita 12, sai dai kayansa sun fi wuyar samu da tsada, kuma ba na ɓoye wa mai aiki hakan.

Tsarin da na fi ba da shawara shi ne Inglenook, wanda Alan Wright na Ingila ya shahara da shi. Rassa uku ne kawai da mararraba biyu, wato inda dogo ke rabuwa ana juya shi don jirgi ya canza reshe: reshe ɗaya yana ɗaukar taragu biyar, sauran biyun uku-uku, sannan layin da inji ke ja da baya a kansa ba ya wuce tsawon injin da taragu uku. Akan zuba taragu takwas, kowanne da katinsa, a gauraya katunan a zaro biyar, sai mai tuƙi ya haɗa jirgi bisa wannan jeri, kuma jerin da zai iya fitowa ya kai 6,720. Duk daɗin wasan yana cikin gajartar layin ja da bayan nan. In ka ƙara masa tsawon tarago ɗaya don tausayi ka sauƙaƙa wasan har ya rasa armashi, in kuma ka rage santimita biyu ƙafar tarago ta ƙarshe za ta tsaya a kan harshen mararraba ta hana shi juyawa. Shi ya sa nake jera taragun kansu a kan takarda in auna da ƙugiyoyin da ke haɗa su da juna, ba na dogara da lissafi kaɗai. Da taragu masu santimita 15, allo mai tsawon santimita 180 da faɗin 40 ya isa, ya zauna a jikin bangon falo.

Katakon firam ɗin allon daga kasuwar katako ta Sokoban muke sayowa, kuma sai ya bushe sarai, domin ɗanyen katakon icen wawa yana murɗewa da damina ya ɗaga mahaɗin dogo. Maganaɗisun da ke kwance ƙugiyar taragu ta kamfanin Kadee kuwa a miƙaƙƙen wuri ake binne shi, ba a inda dogo ya lanƙwashe ba. Da hunturu ƙura kan kwanta a kan ƙarfen ta yanke wuta, inji ya riƙa tsayawa daidai lokacin da ake son ya yi tafiyar hawainiya, don haka kowane allo muna haɗa shi da murfi, kuɗinsa kuma yana cikin jingar tun farko.